Mai Ƙanƙara Ba Ya Doguwar Gaisuwa

Kun ce me? Ruwa ne kawai, a zuba a leda, a jefa a firiza, a je a miƙe ƙafa? To madalla, Allah ya ba da sa'a. Haka Hauwa 'yar ƙanwata ta zo ta tsaya a bakin shagon nan kwanakin baya, mijinta ya sayo mata firiza mai aiki da hasken rana, tana ce mini wai Kawu Sabo ai sana'arku ba wuya, abu ne mai yin firiz da kansa. Ta je ta cika ledojinta maƙil har wuya, ba ta san ruwa in ya daskare kumbura yake ba. Ledoji suka fashe, suka manne da juna, suka zama dutse guda a gindin firiza. Ta ɗauko wuƙar yanka albasa ta hau saƙara, ta huda bututun gas. Yanzu firizar tana tsakar ɗakinta, a ciki take ajiye kwanukan aurenta.

Ita kanta kalmar firiz ɗin nan ta ishe ni. Komai a bakinku firiz ne. Waya ta ƙi motsi, ta yi firiz. Banki ya hana mutum taɓa abin da ya tara, an yi wa asusunsa firiz. Gwamnati ta dakatar da ɗaukar ma'aikata, firiz. Ɗan sanda a fim ya zaro bindiga ya daka tsawa, shi ma firiz. Har wani ɗan acaɓa na ji yana ba da labarin yadda ya yi firiz da ya yi kiciɓis da uban budurwarsa a bakin zaure. Na tambayi wani malamin makaranta da yake sayen ƙanƙara a wurina, ya ce ai haka take a Turanci, duk abin da ya tsaya cak ya ƙi gaba ya ƙi baya ana iya liƙa masa ita, tun daga ruwa har farashin kaya. Na ce to ban ga laifin Bature ba. Shi a ƙasarsu ruwa a waje yake kwana ya wayi gari dutse, kyauta, ba kuɗin wuta ba kuɗin mai, dole ya riƙa rabon kalmar kamar goron suna. Mu nan Kazaure da rana take gasa duwatsu har ƙadangare ya rasa inda zai sa ƙafa, kafin ruwa ya yarda ya daskare sai an ci baƙar wuya. In ma ya daskare ɗin, tun daga wannan lokacin hanyar komawa gida yake nema. Ƙanƙararmu ba ta tsayawa cak. Yin ta ƙaramin aiki ne, kai ta hannun mai ita da sauran rai shi ne sana'ar.

Aikina na farko a wurin Malam Iro, maigidana da ya koya mini, ɗaukar buntu ne. Ina nufin ɓawon shinkafar nan da ake zubarwa a bayan injin casa. Na zo da zumuɗi ina tsammanin za a ba ni makunnin injin ƙanƙara in riƙa dannawa, sai aka miƙo mini buhu aka nuna mini hanya. Buntu kuwa ƙaiƙayi ne da shi, ya shiga riga ya shiga wando, ka kwana kana susa kamar mai ƙazuwa. Amma shi ne bargon ƙanƙara. A shimfiɗa shi a gindin buhun algarara, a kwantar da dunƙule, a bi kowane gefe a cusa har ba inda iska za ta leƙa, a rufe, a sake zura buhun a cikin wani buhun, sannan a ɗaure da roba. Ku kuna tsammanin rana ce babbar abokiyar gaba. A'a, iska ta fi ta ci. Dunƙulen da ka bari tsirara a inuwa iska tana kaɗa shi, zai riga wanda ka lulluɓe da kyau a rana mutuwa.

Malam Iro mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gwiwa, ɗan gajere, mai faɗan tsiya, kuma injinsa ba irin firizarku ba ne. Wani ƙaton kwami ne na ƙarfe cike da ruwan gishiri, ana jera gwangwanaye dogaye a ciki, kowanne cike da ruwa mai kyau. Ruwan gishirin yana yin sanyin da ya wuce na ƙanƙara amma shi ba ya daskarewa, shi yake kama na cikin gwangwani. In gishiri ya yi kaɗan kwamin ya daskare gaba ɗaya ka shiga uku, in ka bari ya fantsama cikin gwangwani ka sayar wa mai zoɓo, gobe ta zo ta yi maka tijara a gaban jama'a. A wurinsa na koyi ƙwanƙwasa dunƙule da bayan yatsa, yadda mace take ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa. Mai ruwan ciki, wadda bayanta ya kama cikinta bai kama ba, amonta daban. Fara sol ɗin nan da kuke so don ta fi kyan gani, iska ce cike da ita, ba ta da ƙarko. Ta kirki ita ce garai-garai, wadda za ka hango tafin hannunka ta cikinta.

Ranar da zai fara aikena Roni da kaya, bai ce mini in yi sauri ba. Sai ya fasa ɗan guntu ya ɗora a kan faranti a tsakar rana, ya zauna a kan benci, ya ce in durƙusa in gaishe shi, gaisuwa cikakkiya irin ta ɗan mutunci. Na ɗauka gwada tarbiyyata yake, na zage. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, yaya kasuwa, yaya mutanen Gwiwa, an samu labarinsu kuwa. Shi kuma yana amsawa a tsanake yana ƙaro mini wasu. Da muka kai madalla ta ƙarshe sai ya nuna mini faranti da leɓe. Ruwa ne kwance, har wata kaza ta zo tana sha.

"Ka ga abin da yaya iyali ta ci?" in ji shi. "Mai ƙanƙara sallama yake yi ya ɗaga hannu. Sauran gaisuwar ka ajiye ta sai sanyi ya shigo, lokacin ba ka da aikin yi."

Da wannan karatun na yi ta yawo, da keke tukuna, daga baya babur, har na kafa nawa injin. Roni, Gwiwa, Achilafiya, ranar kasuwa kuma Babura, inda mutanen Nijar suke ce mata galas su miƙo maka sefa. Kuma da shi na yi baƙin jini. An ce Sabo girman kai, an ce Sabo ya yi kuɗi ba ya ganin mutane. Ni da na san abin da ke ɗiga a bayana sai in ƙara gaba.

Masu saye ma kala-kala ne. Masu kifi ba su da matsala, sun san zafin abin, su karɓa su ruga. Matan da ke yin zoɓo da kunun aya su aiko a ce a zaɓo musu mai ƙarfi, kamar akwai wadda aka yi da siminti. Amma akwai wani mai shayi a Babura, ba zan manta da shi ba, shi ya gano lagona. Ba ya tayawa. Sai ya sa in kwance buhu ya gani, sannan ya jawo hira. Ya tambaye ni labarin dam ɗin Kazaure, ko ruwa ya ja baya, ya ba ni labarin ciwon haƙorin da ya yi bara, ya kira wani ya zo ya shaida. Yana magana yana satar kallon ƙasan buhu. Sai ya ga ƙasa ta jiƙe sosai sannan ya ce, to yanzu wannan 'yar abar nawa za ka bar mini? Da na gane shi, in na hango shi tafe sai in zauna a kan bakin buhun in ce ciniki tukuna, haƙori daga baya.

To bari in ba ku labarin shekarar da ta fi kowace muni, don a cikinta ne na yi aikin da har yau in na tuna sai in yi dariya in kuma yi shiru. Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da mai ƙanƙara yake sa ran fitar da abincin shekara. Ana gobe za a ɗauki azumi taransifomar unguwarmu ta yi wata ƙara ta kama da wuta. Aka ce za a kawo wata, aka yi ta cewa. Man janareto kuma ya yi tsadar da in ka kunna inji, kai kake biyan mutane su sha ruwan sanyi. Kwamina ya bushe, gishiri ya yi fari a gefensa, wata kyanwa ta haihu a ciki. Muka koma 'yan sari, mu da muke yi da hannunmu. Mu bi motar safe zuwa Kano, mu yi layi a bayan masu kifi, mu sayo, mu ɗoro a mota, rabi ya tsiyaye a hanya fasinjoji suna ɗaga ƙafa suna zaginmu. In ka iso kuwa kafin ka sauke an yanyame ka. Na ga dattawa biyu masu furfura, da azumi a bakinsu, suna ja-in-ja a kan guntun da bai fi tafin hannu ba.

A lokacin Malam Iro ya daɗe da barin sana'a. Ƙafa ta hana shi tsayuwa, ya sayar da inji ya koma ƙauyensu, inda ko turken wuta babu. Ran nan gab da azahar, na dawo daga Kano ke nan, sai ga waya daga matarsa, Iya Talatu. Ta ce jikin Malam ya yi tsanani, ko kunu ba ya wucewa sosai, kuma tun jiya magana ɗaya yake maimaitawa: a gaya wa Sabo ya kawo masa ƙanƙara, dunƙule, ba ta leda ba, kuma kada ya daɗe. Ta ce ita dai ta faɗa mini yadda ya faɗa.

Na san Maigida ba ya cewa kada a daɗe a banza. Na shiga cikin kayan na zaɓi dunƙulen da ya fi kowanne, na ɓoye shi a bayan ƙofa, na sallami sauran. Wata Hajiya ta hango shi ta ce ko nawa ne za ta biya, na ce wannan an riga an saya tun ina yaro. Na yi masa ɗauri irin wanda aka koya mini, buntu a kan buntu, buhu a cikin buhu, na ɗaure a bayan babur. Ana sallame azahar na kama hanyar Gwiwa. A lissafina, in ban tsaya ba, zan kai masa abin da zai cika ƙwarya.

Na fita gari, na wuce duwatsu, na saki kwalta na hau burji. Ina shan wata kwana sai na hango farar babbar riga a gindin tsamiya, da hula, da sanda, ana ɗaga mini hannu. Na so in yi kamar ban gani ba. Amma wannan ba mutumin da ake yi wa haka ba ne. Surukina ne, mahaifin uwar 'ya'yana. Ba zan kama sunansa ba ko a bayan idonsa. Dillalin shanu ne, asalin kakanninsa Barebari, kuma a duk ƙasar nan ba a yi mai gaisuwa kamarsa ba. Mutum ne da in ya gaishe ka sai ya tambayi akuyarka da ta yi ɓari.

Ku 'yan yanzu kuna gaida suruki a kan babur, inji yana kuka, da tabarau a ido. Mu ba haka aka yi mana ba. Na kashe inji, na kafe babur, na tuɓe takalma, na durƙusa a cikin rairayi mai zafi na sunkuyar da kai. Ya fara. Ya bi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya tambayi mahaifiyata da ƙafarta, ya tambayi maƙwabcina da ya taɓa gani sau ɗaya a wurin suna, ya yi mini jajen taransifoma, ya yi wa masu wuta addu'ar shiriya. Ni dai lafiya lau, alhamdu lillahi, madalla, ina satar kallon babur. Da ya gama sai ya ce ai Allah ne ya kawo ni, dubiya za shi wani ƙauye gaba da Gwiwa, ya daɗe yana jiran mota.

Yanzu ku gaya mini, da wane baki zan ce wa surukina babu wuri? Da wane baki zan ce masa sauri nake? Na kwance buhu ina niyyar ɗora shi a kan tanki, ya ce haba, ya za a yi in wahala yana zaune, in kawo ya riƙe mini. Ya hau, ya tattara babbar riga, ya rungume buhun a cinya, tsakanina da shi. Ya san ƙanƙara ce. Abin da bai sani ba shi ne halinta, don shi a wurinsa abin da ya yi tauri kamar dutse ba ya zuwa ko'ina. Sana'ar ma bai taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba, yakan ce 'yarsa tana auren mai sayar da ruwa. Ashe kuma ƙorafin da ake yi a kaina ya kai kunnensa, ya ƙudura a ransa yau zai koya wa mijin 'yarsa mutunci.

Ba mu yi nisa ba na ji an taɓa kafaɗata. Wasu dattawa ne a gindin darbejiya suna tufkar igiya. "Ɗan nan, tsaya mu gaisa. Mutane su ne dukiya." Na tsaya. Ya sauka, ya ba ni riƙon buhu, ya bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya gabatar da ni, ya ce ga surukin nasa da ake cewa ba ya gaisuwa, ga shi yau ya zo da kansa. Dole na kafe babur na durƙusa ni ma. Muka tashi. Gaba kaɗan mai jaki da mangalar taki, aka taɓa kafaɗa. Gaba kuma wani mai facin taya. Wanda ya fi ba ni takaici wani manomi ne can tsakiyar gona yana sharar bazara, da ƙyar ake hango shi. Surukina ya ƙwala masa kira, mutumin ya ajiye manjagara, ya taho a hankali yana ɗingishi, muna tsaye a rana muna jiransa. Da ya iso ashe ma ba wanda ake zato ba ne. Duk da haka aka gaisa, tunda ya riga ya taso.

Ni kuwa tun daga wurin mai jaki na fara jin sanyi a gadon bayana. Duk tsayawa sai an ɗaga buhu an sauke, buntu ya zame, iska ta samu ƙofa. Ina jin ruwa yana bin ƙuguna yana gangarawa, ina tuna muryar Iya Talatu, raina yana ƙuna. Sau biyu na buɗe baki zan yi magana, kunya ta hana ni. Mu a tarbiyyarmu suruki ba a katse shi, ba a hanzarta shi, ko gobara ce a gidanka sai ya kai aya. Ban taɓa jin haushin tarbiyya ba sai ran nan.

Allah ya kawo mu wata rijiya inda Fulani suke shayar da shanu. A cikinsu akwai wani tsoho, Arɗo, abokin cinikin surukina, kuma kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba a raga wa juna. Aka taɓa kafaɗa, na tsaya. Surukina ya sauka da fara'arsa, ya ware hannu zai fara. Sai na ga matasan da ke jan guga sun kau da kai suna danne dariya. Na duba. Farin wandon nan da gaban babbar riga sun jiƙe sharkaf tun daga cinya har gwiwa, ga jan ruwan buntu ya yi musu zane, har yana ɗiga a kan takalmi. Arɗo ya dogara sanda, ya ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Kai, Babarbare bawana, ashe tsufan naka ta ƙasa ya fara? Da rana tsaka, cikin azumi, a kan babur ɗin surukinka? Ai da ka yi magana an tsaya maka a bayan geza."

Wurin ya kwashe da dariya. Surukina ya dubi jikinsa, ya ɗaga riga ya sake ta. Sai ya juyo kaina da faɗa. Ya ce wace irin sana'a ce wannan mai tozarta mutane, kuma wane marar hankali ne zai sayi ruwan buhu a wannan dajin da har nake jigilarsa. Na durƙusa, idona a ƙasa, na ga in ban faɗa yanzu ba ba ni da sauran dama.

"Baba, ba ta sayarwa ba ce. Maigidana Malam Iro ne ba lafiya, jikin ya yi nauyi. Shi ya aiko in kai masa, ya ce kada in daɗe."

Dariya ta ɗauke. Surukina ya yi tsaye yana kallona. Ya sa hannu ya taɓa buhun, ya ji yadda ya saki, ya jinjina shi ya ji ba nauyin ɗazu.

"Shi ne ka bar ni ina ta zuba tun daga tsamiya?"

Sai na ga ya tuɓe babbar rigar nan a gaban Fulani, ya rage daga shi sai 'yar shara da jiƙaƙƙen wando, ya naɗe buhun da ita tam, ya haye babur kafin ni. Ya ce in tayar. Arɗo yana cewa a gaida mai jiki, Allah ya ba shi lafiya, surukina ko waiwaye bai yi ba.

Ban taɓa gudu a burji irin na ran nan ba. Muna shiga wani gari sai ga majalisar mai gari a bakin hanya, cike da dattawa, kuma mai garin amininsa ne tun na ƙuruciya. Suka hango shi, har wasu sun fara gyara tabarma. Hannuna ya saba, na fara sassauta mai. Sai na ji duka a kafaɗa, ba taɓawa ba, duka. Muka wuce su fuu, ƙura ta bi su, surukina ba riga, hula a karkace, ya ɗaga hannu ɗaya yana ƙwala musu, "Salamu alaikum, ƙanƙara ce!" An ce mai garin ya yi wata guda yana fushi, sai da aka aika masa da goro.

Mun isa bayan la'asar. Iya Talatu ta fito ta shigar da ni ɗakin da yake kwance, surukina ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. Maigida ya rame har na so in kasa gane shi, amma idon nan na faɗa yana nan. Na warware riga, na kwance roba, na zare buhu daga cikin buhu, na tona buntun da ya zama caɓi. Dunƙulen da na ɗauko da hannu biyu ina nishi ya koma kamar curin fura. Na ɗauraye shi a ƙwarya, kunya ta ishe ni. Iya ta kawo moɗa da ruwa za ta jefa a ciki, ko zai samu ya kurɓa. Ya girgiza kai.

"Ba sha zan yi ba. Sa mini nan." Ya buɗe tafukansa biyu a kan ƙirji. "Tun da na baro Kazaure hannun nan bai yi sanyi ba."

Na ɗora masa. Ya rufe yatsu a kanta, ya lumshe ido, ya riƙa juya ta a hankali daga wannan hannu zuwa wancan. Ruwa yana bin tsintsiyar hannunsa yana sauka gwiwar hannu yana ɗiga a tabarma. Jikokinsa masu azumi sun cika taga suna kallo suna haɗiyar yawu, Iya ta matso da ƙwarya za ta tara, ya ce ta bari. Can ya buɗe ido ɗaya ya ce mini ta Kano ce wannan. Na ce ita ce. Ya ce sun yi gaggawar cire ta, ba su da haƙuri. Na ce haka ne, Maigida. Hawaye ya zo mini, na juya na yi kamar buntu ne ya shiga idona.

Sai ya lura da inuwa a bakin ƙofa, ya tambaya wane ne. Na ce surukina ne, tare muka zo. Ya yi yunƙurin gyara kwanciya, ya ce subhanallahi, a bar babban mutum a tsaye, ya shigo mana su gaisa. Surukina ya leƙo, da 'yar shararsa da wandonsa mai zanen buntu, ya ɗaga hannu.

"Malam, gama da baƙuwarka tukuna. Ni ba na narkewa."

Ya jingina da bango ya yi shiru, mutumin da ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba in akwai wanda bai gaisar ba. Muka zauna haka har ƙanƙarar ta koma kamar goro, ta koma kamar ƙwayar gyaɗa, ta ɓace. Ita ce ta ƙarshe da Maigida ya taɓa, bai ga sallah ba. Ya shafa jiƙaƙƙen hannun a fuskarsa da wuyansa, ya ce alhamdu lillahi. Sannan surukina ya tuɓe takalma, ya shigo, ya durƙusa a gefen tabarma, ya gyara murya, ya fara daga ina wuni. Bai tsallake ko akuya ba, Maigida kuma ya amsa masa duka.